Asabar ɗin da Na Matsar da Ganguna

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da tarihi, kuma abin da na ƙaru da shi a ƙarshe bai wuce jimla guda ba: ba a fagen yaƙi dauloli ke faɗuwa ba, suna faɗuwa ne ranar da wani mai ilimi ya tarar da abu a ajiye, bai tambayi dalilin ajiye shi a wurin ba, ya matsar da shi. Daular da nake nufi a wannan babi ba ta da tuta, ba ta da ganuwa. Kakanku ne, Malam Sale Direba. Abin da aka matsar kuwa tsofaffin gangunan mai ne guda takwas, an shafa musu farin fenti, babu komai a cikinsu. Mai ilimin ni ne.

Na san labarin da kuka tashi da shi. Gwaggonku Rabi ta gaya muku cewa ni da kakanku mun yi shekara uku ba ma doguwar magana saboda na tashi sayen motar 'yan gayu ya hana ni, ni kuma na yi zuciya. Labari ne mai kyau, akwai uba mai natsuwa, akwai ɗa mai rawar kai, ya dace a ba yara. Ban taɓa gyara shi ba, domin ya fi gaskiyar yi mini sutura. Yanzu da kusan duk waɗanda abin ya shafa suka riga mu gidan gaskiya, ban ga amfanin ci gaba da fakewa a bayan Rabi ba. Kakanku bai hana ni sayen motar nan ba. Shi ne ma ya sa mata albarka a gaban mutane.

Baba ya fara da manyan motoci tun ina ƙarami, yana kai kaya Jos da Nguru. Da ƙarfi ya fara ja baya sai ya karɓi bas ɗin ma'aikatan wata masaƙa a Kakuri. Kullum bayan sallar asuba zai kwashi ma'aikata daga Tudun Wada, ya tsallake gada da su, ya sauke su a ƙofar masaƙa kafin jiniya ta yi kuka. Shekara ashirin yana wannan, bai taɓa goge ko jikin keke ba. Ban da wannan yana da wata sarauta da ba wanda ya naɗa shi. A unguwarmu ba a sayen mota sai ya duba. Ranar Asabar za a kai motar filin koyon tuƙi da ke bayan masaƙun, ya ɗora tafin hannunsa a kan bonet ya saurari inji kamar likita, sannan ya shiga shi kaɗai ya zagaya gangunan filin sau uku. In ya fito, ɗayan biyu zai ce. Ko dai “Allah ya sa alheri,” a yi ciniki, ko kuma “Mai ita ya riƙe abarsa,” kowa ya kama gabansa. Ladansa goro.

Mai filin shi ne Mista Bulus, mutumin Kagoro, tsohon direban soja, wanda ke koyar da tuƙi da wasu akwala biyu da suka gaji da duniya. Abokin Baba ne tun zamanin manyan motoci. Shi yana ce wa Baba Sarkin Hanya, Baba yana ce masa Saja, kuma ban taɓa ganin sun haɗu ba tare da ɗaya ya tuna wa ɗaya ramin da ya taɓa afkawa ba.

Akwai abin da sai na bayyana muku, domin ku kun tashi kuna hawa kafaɗata kuna ja mini gemu. Ni ne ɗan fari, kuma a gidanmu ana yi wa ɗan fari kunya ta gaske. Baba bai taɓa kiran sunana ba. Ina yaro “kai” ne, da na fara koyarwa na zama “Malam”. Ba mu taɓa cin abinci a kwano ɗaya ba, ba mu taɓa zama a tabarma ɗaya ba. In yana da saƙo gare ni, ko ina tsaye a zaure, Inna zai gaya wa ta gaya mini. Ba ƙiyayya ba ce. Da na ci jarrabawar shiga kwaleji an ce ya raba goro har tashar mota, amma ni abin da na samu a wurinsa gyaɗa kai ne. Haka muka ginu, kuma har na kai shekara talatin da shida ban ga aibin ginin ba.

A shekarar da sojoji suka koya mana bin layi da bulala, wani Bature injiniya a masaƙar zai koma ƙasarsu, yana neman mai sayen motarsa cikin gaggawa. Motar tsere ce, ja, kujera biyu, rufinta na tamfol ana naɗe shi, ga ta ƙasa-ƙasa kamar an shimfiɗa darduma a kan tayoyi. Ina da mata da 'ya'ya huɗu a lokacin. Ba ni da wata hujja, kuma ba zan ƙirƙiro muku ita yanzu ba. Na dai daɗe ina sayen tsofaffin mujallun motoci na ƙasashen waje a wurin masu shimfiɗa littattafai a bakin kasuwa, na haddace sunayen sassan da ban taɓa gani da ido ba, kuma wanda ya yi shekaru yana koyar da labarin mutanen da suka yi sukuwa a duniya yakan so shi ma iska ta taɓa fuskarsa sau ɗaya. Da na nuna wa mahaifiyarku hotonta, ta daɗe tana kallo.

“Mu kuma a ina za mu zauna?”

“Ta zuwa makaranta ce.”

“To. Allah ya kai ka makarantar.”

Na je na gaya wa Inna ta roƙar mini Baba ya duba mini ita ranar Asabar. Tana tsince shinkafa a faifai. Ba ta ɗago ba.

“Ba za ka nemi wani ya duba maka ba? Babanku ya gaji kwanan nan.”

Na ɗauka kunyar nan ce da ta saba, na ce ai unguwa za ta yi da ni in na kai motata wurin wani. Ta ce to.

Ranar Asabar na riga kowa zuwa filin. Baturen ya kawo motar, ya ba ni makulli, ya koma gindin mangwaro da jaridarsa. Ni kuwa na zo da mujalla a hammata, a cikinta akwai zanen yadda masana ke gwada irin wannan mota: a jera alamu a layi ɗaya kusa da kusa, a riƙa saƙa motar a tsakaninsu, dama, hagu, dama, don a ga yadda take karɓar kwana. Gangunan Mista Bulus kuwa a warwatse suke a gefen filin, an bar musu faɗi irin na masu koyo. Na naɗe hannun riga na shiga mirgino su ɗaya bayan ɗaya. Ina kan ta bakwai Mista Bulus ya iso a kan kekensa.

“Ticha, me kake yi wa gangunana?”

“Gwajin zamani za mu yi, Saja. Wannan ba akwalar koyo ba ce.”

“Mayar da su inda ka same su. Shekara uku ba wanda ya taɓa su.”

“Na gani ai. Ciyawa ta cinye gindinsu.”

“Ticha, ni ban yi boko ba, amma filina ne. Na ce ka mayar.”

Ban taɓa jin ya yi magana da wannan murya ba. Kafin in ba shi amsa sai ga Baba wani maƙwabcinmu ya sauke shi a babur, ga mutane sun fara taruwa, domin jar mota mai kujera biyu ba ta shiga Kakuri a ɓoye. Mista Bulus ya tare shi da dariya, amma ya ɗaga murya fiye da yadda ake bukata.

“Sarkin Hanya! Ɗanka ya yi mana sabon tsari yau, ganguna duk sun bar inda ka san su. Kai dai ka saurari inji, ka bar shi ya zagaya da abarsa. Wannan motar yara ce, in ka shiga sai mun kira makanikai sun zaro ka.”

Baba ya tsaya. Mutane na kallonsa, Baturen ma ya sauke jarida.

“Ganga ai ganga ce, Saja. Kai da ka taɓa kai motar soja cikin rijiya kake ba ni shawara?”

Aka yi dariya. Ya ɗora hannu a bonet, na tayar masa da inji, ya saurara ya daɗe. Sannan ya lalubi ƙofa ya shiga, ya gyara babbar rigarsa. Kowa ya san shi kaɗai yake zagayawa. Sai na ji ya ce, ba tare da ya juyo ba:

“Malam, shigo.”

Na shiga. Motar ba ta da wurin kunya. Kafaɗata ta jingina da tasa, ina jin ƙamshin goro da turarensa, kuma rabona da kusantarsa haka tun ina goye ne, in ma an taɓa yi. Ya sa giya, motar ta zabura, ya lallashe ta da ƙafa kamar ya shekara da ita. Muka miƙa zuwa layin gangunan. Sai ya yi magana ƙasa-ƙasa, leɓɓansa ko motsi ba sa yi sosai.

“Ta farko tana ina?”

Na ɗauka jarrabawa yake yi mini.

“Ga ta nan gabanmu, Baba.”

“Dama ko hagu?”

Na dube shi. Idanunsa a buɗe suke, suna kan hanya, amma ba a kan komai suke ba. Gangar tana tahowa, fara tas cikin rana, kuma mutumin da ya shekara ashirin bai goge keke ba yana nufar ta kai tsaye.

“Hagu, Baba! Hagu!”

Ya murza sitiyari, muka wuce ta da tazarar yatsa.

“Kada ka ɗaga murya. Ta gaba.”

“Dama. Saura kaɗan. Yanzu.”

Haka muka yi zagayen farko, ni ina faɗa, shi yana murzawa. A na biyu ya rage tambaya. A na uku ya riga ya haddace tazarar, ya taka totur, motar ta yi wani kuka da ban sake jin irinsa ba, muka ratsa gangunan nan takwas kamar allura a hannun tela, ƙura ta tashi, mutane suka ɗauki tafi da ihu. Ban taɓa ganin tuƙi irin wannan ba, kuma dole in gaya muku gaskiya, a cikin tsoron da ya kama ni akwai wani daɗi. Karo na farko ke nan da mahaifina ya bukace ni. Ya kai mu can ƙarshen filin inda ba mai jin mu, ya tsaya, ya bar inji yana aiki.

“Motar lafiyarta ƙalau. Kulochinta ya ɗan ci, ba wani abu ba ne.”

“Baba, tun yaushe?”

“Damina uku. Kamar hayaƙi ne. Babban abu ina ganinsa, mota, saniya. Farin abu cikin rana ne ke ɓace mini.”

“Bas ɗin fa?”

“Hanyar tana cikin kaina. Ramukanta ma na san su ɗaya-ɗaya.”

“Mutum fa, in ya gitta?”

Ya sa giya. Muna komawa ya ce:

“Abin da ka gani, a cikin motar nan ya tsaya.”

Na ce, “To, Baba.” Ya fito a gaban jama'a, ya karkaɗe rigarsa, ya ce Allah ya sa alheri. Mista Bulus bai tafa ba. Yana can yana mirgina gangunansa yana mayar da kowace kan da'irar da ta bari a ƙasa, kuma a lokacin na gane wa aka yi shekara uku ana ajiye wa su.

Ranar Litinin da sassafe na je na tsaya a bakin gada. Bas ɗin ya taho a hankali, cike maƙil, mata da kwanukan abinci a cinya, maza sun jingina kai da taga suna ƙarasa barcinsu. A kujerar gaba akwai wani dattijo cikin ma'aikatan, ya karkato wajen Baba, bakinsa yana motsi. Wani mai keke ɗauke da buhun gawayi ya yanko ta gabansu. Bas ɗin ya tsaya, amma sai da na ƙirga numfashi biyu kafin ya tsaya. Na koma washegari, na sake komawa rana ta uku. Na je wa Inna.

“Inna, idon Baba…”

“Wa ya aike ka?”

“Mutane yake ɗauka, Inna.”

“Allah ke tsare su, ba shi ba. Ka ji ni da kyau. Ranar da mutumin nan ya ajiye makullin nan, ranar ka fara haƙa masa kabari.”

Na je wa Mista Bulus. Ya ce shi ya yi iyakar ƙoƙarinsa, Baba ya ce in ya sake ɗaga zancen abotarsu ta ƙare.

“Kai ne ɗansa. Ka zauna da shi, ka yi masa magana baki da baki.”

“Ba a yin haka a gidanmu, Saja.”

“To a gidanku me ake yi?”

Ni dai na san abin da na iya. Na iya rubutu. Na zauna a ofishin makaranta bayan an tashi, na rubuta wa manajan masaƙar wasiƙa da Turanci. Sau uku ina sake ta. Na yaba shekarun direban, na ambaci amanarsa, na bayyana halin da idonsa ke ciki, na roƙi a sallame shi cikin mutunci ba tare da an kunyata shi ba. Na buga ta a tafireta don kada a gane hannuna, ban sa suna ba. Ina jin a duk rayuwata ban taɓa rubuta abin da ya kai ta tsari ba.

Bayan mako guda suka kira shi. Mutuncin da na roƙa bai samu ba, domin ba su san wata hanyar gwada ido ba sai su tsayar da shi a harabar masaƙa, a gaban sauran direbobi, su ce ya karanta lambar wata mota da ke can gefe. Ya ƙura wa motar ido, lambar ta ƙi karantuwa. Sannan ya zaro makullin daga aljihu ya miƙa da kansa. An ce manajan, don ya sanyaya masa rai, ya ce masa wanda ya rubuto takardar nan mai ƙaunarsa ne, kuma Turancinsa ya fi nasa. A Tudun Wada ta lokacin ba sai an yi dogon bincike ba kafin a gano mai irin wannan Turanci. Da yamma na je gaishe shi, na same shi a zaure, na durƙusa.

“Malam, an ce Turancinka ya yi kyau.”

Iyakar abin da ya ce ke nan a kan maganar, a ranar da kuma bayanta.

Shekara uku yana amsa gaisuwata, ba ya ƙara komai. Labari ya zaga, aka daina kawo masa motoci, ya daina zuwa filin. Ya zauna a zaure yana jan carbi, jikinsa ya zube, mutumin da ke tashin unguwa da ƙarar bas ya koma sai an ja masa hannu zuwa masallaci. Inna ba ta taɓa ce mini ga abin da ta faɗa ba, sai dai ta daina ajiye mini ƙanzon tuwo, wanda ta san ina so tun ina yaro. Motar kuwa ban saye ta ba. Na koma na mayar wa Baturen makullinsa, domin na san ba zan iya zama a kujerar da Baba ya zauna ba, ba zan kuma iya zama a ɗayar ba. Rabi ta ga ba a sayi mota ba, ta ga Baba yana fushi, ta ɗinke biyun ta ba ku.

Ni kuma na yi abin da masu karatu ke yi in sun ji ciwo, na gina wa kaina falsafa. Na ce an ba ni zaɓi tsakanin mahaifina da bas cike da bayin Allah, na zaɓi bayin Allah, na biya da abin da ya fi komai tsada a wurina. Har yau ban ce mutanen nan ba su cancanci direba mai gani ba. Amma na riƙa kallon kaina cikin sahun manyan mutanen da nake koyar da labarinsu, waɗanda aka tsayar tsakanin jini da gaskiya. Akwai ranakun da nake fitowa daga zauren nan, bayan gaisuwar da ba ta wuce kalma uku ba, ina jin wani ɗaci mai kama da girma.

A damina ta uku Mista Bulus ya zo gidanmu, shi ma tsufa ya kama shi. Ya ce wa Baba idonsa na dama yana damunsa, yana tsoron asibiti, Sarkin Hanya ya taimaka ya raka shi. Baba ya ce soja guda yana tsoron allura, ya tashi ya bi shi don ya samu abin yi masa dariya. Da suka je, Saja ya tura shi gaban likita. Likitan ya haska fitila, ya ce yanar ido ce, ana iya cire ta. Aka yi wa ido ɗaya aiki, bayan wasu makonni aka yi wa ɗayan. Ranar da aka ba shi tabarau masu kauri kamar gindin kwalba, na je gaishe shi. Ya karanta kalandar da ke bangon zaure tun daga sama har ƙasa, sannan ya juyo ya dube ni, ya daɗe yana dubawa.

“Malam, ka yi furfura.”

Daga nan magana ta dawo tsakaninmu, kaɗan-kaɗan, daidai gwargwadon yadda take a da. Ya ƙara shekara bakwai a duniya yana zura wa Inna zare a allura. Bai sake taɓa sitiyari ba, ko da wasa.

Likitan da ya yi masa aikin ashe tsohon ɗalibina ne. Na je yi masa godiya, muka taɓa hirar makaranta, ya tuna mini da dukan da na taɓa yi masa a kan shekarar wani yaƙi. Da zan tashi na tambaye shi, kamar abin bai dame ni ba, me zai faru da an kawo dattijon tun farkon abin.

“Haba, Malam. Ai da hutun wata biyu ya ishe shi, ya koma bakin aikinsa da tabarau.”

Asibitin idon nan, daga zauren gidanmu, tafiyar minti goma ce a ƙasa. Akwatin gidan waya da na jefa wasiƙar a ciki a jikin katangarsa yake.